Malam Na-Ji-An-Ce

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tara 'yan jaridar Gusau don in yi musu tambayoyi ba, aka ƙare ni ake yi wa. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai ina kan babur, sai in ji kamar in saki kan babur ɗin in rufe fuska. Abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne ba wanda ya yi mini makirci. Da ƙafata na je, cikin babbar riga, har da fesa turare.

Ni malamin sakandare ne a Bungudu, asalina ɗan Furfuri. A lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin aikin jarida, irin na ƙarshen mako, wanda mutum zai yi wa yara ihu Litinin zuwa Juma'a, ranar Asabar kuma ya je a yi masa. (Kada a tambaye ni abin da ya kai malamin adabi karatun jarida. Na dai lura cewa ɗan jarida in ya yi magana ana ji, ni kuwa ko 'yan ajina ba sa ji.) Burina in samu takardar nan in koma koyarwa a kwaleji, in huta da ajin da rabin yaransa ke zaune a ƙasa. Mai ɗakina ma ta riga ta gama sanar da maƙwabta cewa saura ƙiris.

Bincikena a kan yadda wayar hannu ta sauya aikin ɗan jarida ne a Zamfara. Babi na ɗaya zuwa na uku sun daɗe da kammaluwa, har takardunsu sun fara sauya launi. Babi na huɗu ne ya gagara, domin shi ba a rubuta shi daga littattafan wasu. Dole mutum ya je ya ji daga bakin masu aikin. Na yi ta jan ƙafa har jami'a ta gaji da ni. Malamar da ke duba aikina, wadda kowa ke kira Dakta, ta kira ni ofis ta gaya mini ba tare da ta ɗago kai ba cewa wannan ne zangona na ƙarshe. In na kawo babi na huɗu kafin ya ƙare, to. In ban kawo ba za a cire sunana, kuma ba za ta roƙi kowa a kaina ba.

A tsarin da na rubuta da hannuna, na ce zan bi wakilan kafafen labarai zuwa Tsafe da Bilbis da Magami, in ga yadda suke aiki da idona. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. Amma duk wanda ke zaune a jihar nan ya san yadda hanyoyinmu suka zama, ni kuma Allah bai yi ni jarumi ba. Duk ranar da na shirya sai in ji wani labari, in kwance jaka. Daga baya ma ba sai na ji labarin ba, da kaina nake nemo shi.

Sai na samu hanya mai sauƙi. Akwai Malam Lawali, dattijo, abokin marigayi mahaifina, wanda ya tsufa yana aika wa wani gidan rediyo rahoto daga Tsafe. Na riƙa kiransa a waya bayan la'asar, shi kuma da ma a cike yake, sai ya yi ta zuba. Ya ce yaran yanzu a gindin bishiya suke zama a Gusau, saƙo ɗaya ya shigo wayar mutum ɗaya, kafin a jima ya zama labari a shafuka goma. Ya ce masu kafafen ba sa biyan albashi, don haka kowa ya nemi ɗan siyasar da zai raɓa. Duk sanda zai ajiye waya sai ya ce, "Wagga magana tsakanina da kai ta, ɗana." Ni kuwa in ce ai ko da wuƙa ba mai jin sunansa a bakina. Na kwashe ƙorafin tsoho na koma na cusa shi a babi na ɗaya, na yi masa ado da manyan kalmomi, na ji kaina ya yi girma.

Dakta ta ce wannan ba bincike ba ne, hirar mutum ɗaya ce. Tunda na kasa zuwa ƙauye, ta ce aƙalla in tara 'yan jarida kaɗan a ɗaki, mu zauna a zagaye ba wanda ya fi wani tsawo, in yi musu alkawarin ɓoye sunayensu, in jefa tambaya in yi shiru. Ta maimaita shirun har sau biyu, don ta san ni.

A nan ne na yi wautar gaya wa Shamsu. Ɗan baffana ne, sana'arsa shirya taro: biki, walimar saukar karatu, taron 'yan siyasa, duk inda za a kafa rumfa a ba shi makirfo. Da na ce masa ɗan ƙaramin ɗaki nake nema da kujeru, sai ya dube ni kamar na zagi zuriyarmu. Ya ce 'yan jarida ba sa zuwa inda ba su ga alamar girma ba, in bar masa komai. Na bar masa. Ya kama zaure a wani otal a Gusau, ya sa aka shimfiɗa farin ƙyalle a dogon tebur, aka jera ruwan gora da furen roba. Ya sa aka buga ƙaton allon leda da hotona na ranar ɗaurin aure, a ƙasa an rubuta wai masanin harkar yaɗa labarai. Hoton nan ya tura a zauren da 'yan jarida ke tura wa juna saƙo a waya, da sanarwar cewa masani zai gana da su.

Da zan iya cewa ban gani ba sai ranar, da na faɗa. Na gani tun ana gobe. Na buɗe hoton, na ƙara masa girma da yatsu, na ga ashe ina da kwarjini. Har na tura wa surukina.

To, a garin nan in aka kama zaure, aka shimfiɗa wa tebur ƙyalle, aka rataya hoton mutum, aka kira 'yan jarida, abu ɗaya ake nufi: mai hoton yana da maganar da yake son duniya ta ji. Ko mai sayar da rake a bakin otal ɗin ya san haka. Ni kaɗai ne ban sani ba, ni mai karatun jarida.

Na yi zaton mutum shida ko bakwai za su zo. Da na shiga na tarar zauren ya kusa cika. Ashe Malam Lawali ne ya yi ta kiran abokan aikinsa yana cewa ɗan amininsa ne, su daure su zo. Shi da kansa ya taso daga Tsafe da safe, ya zauna can baya kusa da ƙofa, da hularsa da ta sha wanki. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya dafa kaina ya ce da mahaifina na raye da ya yi murna. Na ji daɗi har ƙwalla ta taru mini.

Shamsu ya ja ni zuwa tebur, ya zaunar da ni a kujerar tsakiya. Ina zama sai mutane suka fara tasowa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ajiye makirfo mai tambarin gidan rediyonsu a gabana, wancan ya jingina waya da gorar ruwa, har gabana ya cika. Ni a raina cewa na yi, kai, mutanen nan sun ɗauki ilimi da muhimmanci. Na fito da ɗan rikodana da na aro a makaranta na cusa shi a tsakiyar nasu. Wani matashi mai suna Nafi'u, wanda ba ya aiki da kowace kafa sai shafinsa na kansa mai dubban mabiya, ya kafa waya a kan sanda mai ƙafa uku, ya kunna wata fitila zagayayya a fuskata, ya ce, "Malam, kai tsaye muke." Na ji shi sarai, kuma na gane abin da yake nufi. Mai hankali a nan zai miƙe ya ce a kashe komai, a ture tebur, a zagaya kujeru. Ni gyara wuyan rigata na yi.

Aka buɗe da addu'a. Shamsu ya karɓi makirfo ya yi mini kirarin da ko a gidanmu ba a taɓa yi mini ba, ya kira ni farfesan gobe, ya ce yau za a ji abin da ba a taɓa ji ba.

Niyyata in yi jimla biyu ta gabatarwa in koma ga tambayoyina. Amma wanda bai taɓa zama gaban tarin makirfo ba ba zai gane ba, akwai abin da suke yi wa mutum. Shekara da shekaru ina magana yara na hamma, yau ga manya sun zuba mini ido da biro a hannu. Sai kawai na buɗe babi na ɗaya na shiga juya shi zuwa Hausa, ina ƙara gishiri. Na ce ɗan jaridar yau ba ya taka ƙasa. Na ce aikin da ake yi da ƙafa da ido ya koma aikin babban yatsa. Na ce ana zaune a inuwa ana kwafar juna, ana ba da labarin ƙauyen da ba a san hanyarsa ba. Na ce da yawa sun zama 'yan amshin masu mulki. Har na buga tebur, furen roba ya faɗi.

Zauren ya yi tsit. Ni na ɗauka maganata ce ta ratsa su. Wayata tana ta rawa a aljihu ba ƙaƙƙautawa, na share. (Mai ɗakina ce. Tana kallo a wayar maƙwabciya, ta ga abin da mutane ke rubutawa a ƙasan bidiyon, tana son ta ce mini in yi shiru. Da na ɗauka, da wata ƙila yanzu ina kwaleji.)

Da na gaji na sha ruwa, na ce to yanzu sai mu shiga tambayoyi, na jawo takardata zan karanta ta farko. Kafin in buɗe baki hannaye sun tashi ko'ina. Shamsu kuma, tunda aikinsa ke nan, ya fara nuna mutane yana miƙa musu makirfo. A nan na fara shan jinin jikina.

Na farko ya tambayi wanda ya ɗauki nauyin binciken, da ko wace jam'iyya nake yi wa aiki. Na ce ba kowa, ni da albashina ne, aka ɗan yi dariya. Na biyu ya tambayi 'yan jarida nawa na tattauna da su kafin in yanke wannan hukunci. Na yi ƙoƙarin bayyana cewa ai tattaunawar ita ce ta tara mu yau, wato ba a fara ba tukuna. Wani daga tsakiya ya ce ashe an yanka kafin a kama ke nan. Dariyar ta ƙaru.

Sai wata mata ta miƙe ba tare da ta jira a nuna ta ba. Madam Rifkatu ce, wakiliyar wata jarida, iyayenta daga kudancin Kaduna suka zo aikin gwamnati, amma a Gusau aka haife ta, Hausarta ta fi tawa zama ta nan. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Malam, kac ce ba mu taka ƙasa. Ni na tahi Magami, na tahi Bilbis, bisa babur, na bar ɗiya ƙanana gida ban san ko ina dawowa ba. Akwai waɗanda ba su zuwa, gaskiya na, akwai su cikin ɗakin ga. Amma kai wane ƙauye kat tahi kag ga ba mu zo ba?"

Na dubi takardata, ba amsa a ciki. Na dubi Shamsu, ya shiga duba wayarsa. Fitilar Nafi'u tana ta haska mini ido. Akwai amsoshi masu mutunci da yawa da zan iya bayarwa, kuma duk na same su daga baya, ina kwance a gida. Abin da ya fito daga bakina a lokacin shi ne, "A'a, wato, ni ban je ba, amma na ji an ce."

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Wani har da kifa kai a kujerar gabansa. Mutumin da ya gama zagin mutane a kan ji-ta-ji-ta, ga shi da bakinsa, a gaban makirfo, kai tsaye. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma tayil ne, kuma Shamsu ya biya kuɗin zauren har azahar.

Da a nan abin ya tsaya da na ce kunya ce kawai, ta mutum ɗaya. Madam Rifkatu ta jira dariya ta lafa, ta yi tambayar da duk ɗan jaridar kirki zai yi.

"Wa yac ce?"

Wallahi bakina bai faɗa ba. Na datse shi, na riƙe alkawari da haƙorana. Idona ne ya ci amanata. Ban san sanda ya tsallake kawunan jama'a ya tafi can baya kusa da ƙofa ba, kamar yadda yaro ke neman babba in an tsare shi. Kuma a ɗakin da ke cike da mutanen da sana'arsu lura ce. Kawuna suka juya, wayoyi suka juya, Nafi'u ya ɗaga sandarsa gaba ɗaya ya juya. Malam Lawali ya ɗan jima a zaune. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe, ya gyara hula, ya fita a hankali bai dubi kowa ba.

Ban san yadda aka rufe taron ba. Na dai tuna kowa ya zo ya ɗauki makirfonsa kamar ana kwashe kwanuka bayan biki, aka bar mini ɗan rikodana. Da na kunna shi daga baya, muryata ce tun daga farko har ƙarshe, sai dariyar mutane. Ko tambaya ɗaya daga cikin nawa ban yi ba.

Kafin in isa Bungudu an yanko wurin nan an watsa. Ba wanda ya damu da dogon jawabina, 'yar jimlar nan kawai ake so. Cikin 'yan kwanaki samari suka cire muryata suka riƙa ɗora ta a kan nasu bidiyon: a tambayi mutum ko ya je masallaci da asuba, sai muryata ta amsa, a nuna akuya ta ci hatsin mutane, sai muryata ta amsa. Ranar Litinin na tambayi wani yaro dalilin da bai zo darasin Juma'a ba, ajin gaba ɗaya suka amsa masa da baki ɗaya. Daga ranar na zama Malam Na-Ji-An-Ce. Har shugaban makaranta, mutum mai kamewa, ya taɓa suɓutar baki ya kira ni da shi a taron malamai, ya wayance da tari. Mai ɗakina ba ta yi mini faɗa ba, ta dai daina zuwa gidan suna na wani lokaci, wannan kuwa ya fi faɗa ciwo.

Dakta ta kalla, kamar kowa. Ban ma zauna ba ta ce, "Na ce ka yi shiru." Ta ce har yanzu zangon bai ƙare ba, in na samu waɗanda za su yarda su yi magana da ni, ƙofa a buɗe take. Na bi lambobin 'yan jarida ɗaya bayan ɗaya. Masu kirki suka ce suna da uzuri. Marasa haƙuri suka ce in rubuta cewa na ji an ce. Wani ya tambaye ni ko idona ya warke. Ba wanda zai zauna ya gaya wa mutum sirrin aikinsa bayan ya ga yadda na yi da na farko, kuma ban ga laifinsu ba.

Labarin Malam Lawali a bakin Shamsu na ji. Abokan aikinsa sun cire shi daga zauren wayarsu, inda suke raba wa juna sanarwa da muryoyin jami'ai. Tsoho a Tsafe, ba tare da wannan ba, kullum shi ne na ƙarshen jin abin da ya faru a Gusau. Ba a jima ba gidan rediyon suka ce ya ɗan huta. Na kira shi har na gaji, bai ɗauka ba.

Sai na shiga mota na tafi Tsafe. Hanyar nan da na shekara ina gudu, na bi ta da rana tsaka, ina salati a duk kwana, kuma ba abin da ya same ni sai ciwon baya. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, yana gyaran igiyar guga. Na durƙusa na fara jero ban haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Yanzu ka zo ke nan," ya ce. "Kawo wayarka."

Na miƙa masa. Ya kashe ta da kansa, ya tura ƙarƙashin tabarma ya zauna a kai. Ya sa aka kawo mini fura. Sannan ya fara magana, bai tsaya ba sai da aka kira la'asar.

Ya gaya mini yadda ake tabbatar da labarin ƙauyen da ba ya shiguwa: a kira mutanen da ba sa ga-maciji da juna, in maganarsu ta zo ɗaya to akwai gaskiya a ciki. Ya gaya mini yadda mutanen wani gari ke hawa tudu neman sabis don su kira shi, da yadda yake gane muryar wanda ake tsaye a kansa yana magana. Ya ce akwai ranar da ya san sunan gari da sunan waɗanda abin ya shafa, ya ƙi faɗa a rediyo, aka zage shi a kan ya ɓoye gaskiya, alhali 'yan bindigar cikin daji ma suna da rediyo, suna da waya. Ya ce yaran nan na gindin bishiya da yake zagi, akwai wanda a cikinsu ya sayar da babur ɗinsa don ya ci gaba da aikin da ba a biyansa. Ya ce abin da yake gaya mini a waya ƙorafi ne na tsoho, rabin magana, kuma ya ɗauka mai karatu zai zo ya nemi sauran rabin.

Ina zaune ina jin babi na huɗu da na biyar suna wucewa ta kunnena, cikakku, waɗanda suka fi duk abin da na karanta a littafi. Hannuna har ƙaiƙayi yake. Da ya gama na yi ƙarfin hali, na tambaye shi ko zan iya amfani da wani abu daga ciki, ba suna, ba gari.

"A'a," ya ce. "Wanga naka na, ka ji da kunnenka. Amma ba ka rubuta shi. Na ga yadda kaka ɓoye mutum."

Ya ɗaga tabarma ya ba ni wayata, ya raka ni har bakin titi, ya ce in gaida Inna, mahaifiyata. Bai yi fushi a fuska ba, kuma ban ƙara jin muryarsa a rediyo ba. A mota na yi kuka, na fake da cewa iska ce ke shiga idona, duk da gilashin a rufe yake.

Zango ya ƙare, aka cire sunana kamar yadda Dakta ta faɗa. Ba wani biki, a allon sanarwa na gani. Na koma ajina da allina. Babi ukun nan suna cikin leda a saman kwaba, ba na iya buɗe su, ba na iya zubarwa.

Bayan kamar shekara guda wata ɗaliba ta zo nemana a makaranta, sunanta Balkisu, ita ma a hannun Dakta take. Ta gaishe ni da ladabi, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta fito fili. Bincikenta a kan yadda gajeren bidiyo ke yaɗuwa ne a shafukan sada zumunta a Zamfara, kuma misalin da ta zaɓa nawa ne. Ta bi diddiginsa tun daga wayar Nafi'u har inda ya kai, ta ce har a Nijar an yi amfani da muryata. Tana son ta ji yadda abin yake ga wanda ya faru a kansa. Na so in kore ta. Amma yarinyar ta hau mota ta zo da ƙafarta, ta ƙi kujerar da na ba ta, ta zauna a bencin ɗalibai, ta yi tambaya ɗaya ta yi shiru. Sai na ji ina magana.

Ta gama, ta ci jarrabawar kare bincike, an ce har yaba mata aka yi. Ta aiko mini da kwafi mai baƙin bango da rubutun ruwan zinariya. Na buɗe babi na huɗu na ga kaina daga farko har ƙarshe, har da hoton fuskata a daidai lokacin da nake neman amsa. Don haka in wani ya ce ban shiga ɗakin karatun jami'a ba, ƙarya yake yi. Ina ciki, a kan kantar littattafai, ana arona ana mayarwa.

Darasin da na samu bai kai girman abin da na rasa ba, amma ga shi ga mai so. In kai ne mai tambaya, nemi benci ka zauna, ka bar tebur mai farin ƙyalle ga wanda ya je ya gani. Ni dai yanzu ko a taron iyayen yara aka miƙo mini makirfo, wucewa da shi nake yi ga na kusa da ni.